Me za a dafa yau? Yadda magidanta ke tsara abincin daren mako cikin tsada da ɗaukewar wuta

Da yamma liƙis, lokacin da ma'aikata ke tashi a Yamai, hanyoyin da ke bi ta gadar Kennedy kan cushe da motoci da babura, kowa na sauri ya isa gida kafin magariba. Cikin masu saurin akwai matan da aikinsu na biyu yanzu ne zai fara: malamar makaranta, ma'aikaciyar asibiti, mai shago a kasuwar Wadata. Kafin isha'i ana jiran su da abinci mai zafi, alhali da yawa daga cikinsu ba su ma san abin da za su ɗora a wuta ba. Haka lamarin yake a Maraɗi da Damagaram da Tawa, bambancin kawai tsawon hanya ne.

A babban gida irin na da, girki zagayawa yake yi. Yau wannan ɗaki, gobe wancan, ga ƴan mata masu surfe da daka, ga tsohuwa mai lura da tukunya. Matasan ma'aurata na yanzu kuwa galibi haya suke yi, ciki da falo, mata da miji duk suna fita nema. Shi kuwa hatsi bai rage ko ɗaya daga cikin haƙƙoƙinsa ba: sai an surfa, an wanke, an shanya, an kai injin niƙa, an tankaɗe, sannan a zo ga talge da tuƙi. Wadda ta shigo gida ƙarfe shida ba ta da wannan lokaci. Shi ya sa shinkafa da taliya suka mamaye tukwanen birni, ba don ragwancin matan zamani ba kamar yadda wasu ke yawan faɗa a fada.

Kuɗin cefane na kullum

A gidaje da yawa, maigida kan ajiye kuɗin cefane kowace safiya kafin ya fita. Da su za a sayi mai na dala ashirin, tumati na dala talatin, ɗan nama, dunƙulen Maggi, albasa biyu. Tsarin yana da sauƙi ga wanda samunsa na kullum ne, amma shi ne mafi tsada. Mai sayen ƙulli-ƙulli yana biyan ribar duk hannun da kayan suka ratsa, daga dillali zuwa mai tebur na bakin layi, kuma idan aka haɗa da kuɗin kabu-kabu na zuwa kasuwa sau biyar ko shida a mako, abin da ke zubewa a hanya kaɗai ya isa sayen wani abu mai auki.

Tsadar ta ƙara fitowa fili bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi aka rufe iyakoki. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, sai dai iyaka da Benin ta ci gaba da zama a rufe, kayan da a da ke shigowa ta Kwatano suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso. Shinkafa da mai da tumatin gwangwani, wato ainihin kayan girkin gaggawa, su ne suka fi jin jiki. Kuɗin cefanen da maigida ya saba ajiyewa bai canza ba, abin da suke sayowa ne ya ragu, kuma daga nan ne ƙananan rigingimun dare ke tasowa: shi yana ganin ya bayar, ita tana ganin bai je kasuwa ya gani ba.

Dabarar da ba ta jure zafin Nijar

Duk mai bin shafukan girki a TikTok ko Facebook ya ga yadda ake yi a Turai da Amurka: a ware ranar Lahadi, a dafa abincin kwana bakwai, a jera a robobi, a cusa a firigo. Ƴan uwa da ke Faransa ko Beljiyam sukan ba da wannan shawara da zuciya ɗaya. Abin da suke mantawa shi ne firigon can ba ya hutawa.

Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke amfani da ita daga Najeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa mai ciyar da Maraɗi da Damagaram. Da aka katse ta a watan Agustan shekarar, gidaje da dama sun zubar da nama da miyar da suka tara. Ko a lokacin da komai ke tafiya daidai, watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi kan haura digiri 40, su ne na yawan ɗaukewar wuta. Ƙa'idar da masana abinci ke bayarwa ita ce firigon da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa huɗu bayan wuta ta tafi, ɓangaren daskarewa kuma idan ya cika maƙil zai iya kai kwana biyu, idan rabi ne kwana ɗaya. A ɗakin da kwano ya gasa, kuma yara na buɗewa suna neman ruwan sanyi, lissafin ya gaza haka. Wanda ya zuba cefanen mako gaba ɗaya a firigo a irin wannan lokaci ya yi caca da kuɗinsa.

Tsarin da ke aiki a nan ya fi kama da na kakanni, an ɗan gyara shi don ya dace da agogon ma'aikaci. Ginshiƙinsa busassun kaya ne: garin kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumati, gabu, daddawa ko daddawar batso, garin tattasai irin na Diffa, busasshen zogale, busasshen kifi, wake, ƙuli-ƙuli. Babu ɗayansu da ya san an ɗauke wuta. Matar da ke da waɗannan a gwangwanaye masu murfi, ga garin tuwo da aka niƙo na mako guda aka shanya ya sha iska kafin a rufe, tana iya sauke tuwo da miyar kuka cikin ƙasa da awa ɗaya ba tare da ta aiki kowa kasuwa ba.

Mako yana farawa ne ranar kasuwa

Masu tsara girkin mako a biranen Nijar ba daga Litinin suke ƙirgawa ba, daga ranar da kaya ke shigowa ne. A Maraɗi kasuwa na ci Litinin da Juma'a, a Damagaram Alhamis ce ranar kasuwar Dole, a Tawa kuma Lahadi. A Yamai, inda Katako ke ci kullum, Asabar ko Lahadi da safe ne ma'aikata ke samun sarari. Dabarar ita ce a ci ɗanyen kaya tun suna da rai, a bar busassu su rufe mako.

A ɗauki gidan da ya yi cefane ranar Lahadi. Daren nan da na Litinin su ne na abin da ba ya jira: kifi ɗanye, salati, miyar ganye ko ɗanyar kuɓewa. A ranar ce kuma ake yin aikin da ke rage wahalar sauran kwanaki, wato a markaɗa tumati da tattasai da albasa da yawa, a dafa su har ruwan ya ƙone, a soya da mai sosai. Wannan soyayyen haɗi, idan aka raba shi a ƙananan robobi, shi ne tushen dafa-duka ranar Talata da miyar taliya ranar Laraba. Raba shi yana da dalili: abin da za a ci kaɗai ake fitarwa, ba a narkar da duka a mayar. Nama ma haka, a tafasa shi da gishiri da albasa, a soya ya bushe, a kasa shi kashi-kashi. Duk wanda ya ga yadda soyayyen naman layya ke kai watanni a gidajen Nijar ya san wannan ba sabon ilimi ba ne.

Daga Laraba zuwa ƙarshen mako sai rumbu ya karɓi aiki. Shinkafa da wake da mai da yaji, tuwon masara da busasshiyar kuɓewa, dambu da zogale, ɗan wake a daren da gajiya ta yi yawa. Juma'a, da yake ana tashi aiki da wuri, ita ce ranar da gidaje da yawa ke ware wa tuwon hatsi na sosai, a ci har a bar na ɗumame. Akwai kuma dare guda da ya kamata a bari babu tsari, domin baƙo ba ya sallama da takarda, kuma biki ko suna a unguwa na iya shigo da kwano.

Wake na da nasa sirri. Idan aka jiƙa shi da safe kafin a fita, da yamma ba ya cin lokaci, ba ya cin gaz. Masu sayen sa da yawa lokacin kaka suna adana shi a buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda masu binciken INRAN a Maraɗi suka yi aiki a kansa: a ɗaure kowane ninki tam, iska ta ƙare, ƙwari su mutu, ba tare da an barbaɗa maganin da zai ƙare a cikin yara ba.

Wuri ɗaya da bai kamata a yi ganganci ba shi ne dafaffiyar shinkafa. Hukumar Lafiya ta Duniya na gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a wuta ba, ba a sanyi ba. Shinkafa na ɗauke da wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe ƙwanta. Idan ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta saki guba, kuma sake ɗumamawa ba ya karya gubar. Shinkafar da aka zuba a kula tun rana don a ci da dare, a watan Mayu, tana iya zama dalilin aman da za a ɗora wa mayu ko ruwan sha. Miya ake tanada, shinkafa kuwa a dafa ta sabuwa. Minti ashirin zuwa talatin ne.

Gaz, da wanda zai ɗauko shi

Tun da matatar SORAZ ta fara aiki kusa da Damagaram a ƙarshen 2011, gaz ya shiga gidajen birni sosai, musamman ƙaramar tukunya mai kilo 6 da babba mai kilo 12.5. Shi ne ya sa girkin bayan aiki ya yiwu. Amma yakan yi ƙaranci lokaci-lokaci, kuma yana da halin ƙarewa daidai lokacin da tuwo ke kan talge. Gidajen da suka ƙware kan rubuta ranar da aka ɗaura tukunya don su san kwanakin da take yi musu, su kuma ajiye ɗan gawayi da murhu a gefe. Wanda ya samu hali ya mallaki tukunya ta biyu ya sayi kwanciyar hankali.

A nan ne aikin maza ya shigo, kuma a nan ne tsarin ya fi rushewa. Ba za a yi cefanen mako da kuɗin kwana ɗaya ba. Ma'aikacin da ke karɓar albashi a ƙarshen wata amma yake tsiyaya wa matarsa jaka guda kowace safiya, shi ke sa gidansa sayen tsada. Wasu na tsoron idan suka bayar a dunƙule kuɗin za su ƙare kafin Alhamis. Maganin wannan takarda ce da biro: a zauna tare daren da ya gabaci kasuwa, a rubuta abin da ya ƙare da abin da za a dafa. Ɗauko buhu, kai niƙa da canjin gaz kuma ayyuka ne da mai babur ya fi kowa sauƙin yi.

Matasan da ba su yi aure ba, ɗalibai da sababbin ma'aikata masu haya tare, su ma lissafin ya shafe su. Burodi da ƙwai wajen mai shayi kowane dare, ko taliyar bakin titi, na cinye abin da zai ciyar da mutum uku idan suka yi karo-karo suka sayi shinkafa da wake da mai, suka raba kwanakin girki. Matsalarsu ba iya dafawa ba ce, wanke tukunya ce.

Saƙon da ke zuwa daga waje

Ga waɗanda ke Abijan, Akara, Aljeriya, Libiya ko Turai suna aiko da kuɗi ta Nita ko Al Izza ko Amana, lokacin aikowa na da tasiri kamar yawan kuɗin. Jaka hamsin da ta iso a watan Nuwamba, hatsi na fitowa daga gona, ba ɗaya take da jaka hamsin ta watan Yuli ba, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa farashi ya hau. Tiya guda ta hatsi kusan kilo biyu da rabi ce, buhu mai kilo 100 kuma kusan tiya 40. Gidan da ke cin tiya ɗaya a rana, buhu uku za su kai shi wata huɗu. Ɗan da ya bugo waya ya ce, "Inna, me ya ƙare a ɗaki?" kafin ya tura, ya fi taimakawa a kan wanda ke jira sai an kira shi da kuka.

Sauran kayan ma kowane da lokacinsa. Da sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, tumati da shu da karoti da dankalin turawa kan cika kasuwa, kuma a lokacin ne masu dabara ke yanka tumati su shanya kauɗar da za ta fisshe su da damina. Albasar Galmi tana araha wajen Maris da Afrilu, tana kuma daɗewa idan aka baza ta a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a cikin leda ba. Da ruwa ya sauka sai zogale da yakuwa da tafasa su fito, a ci ɗanye a busar da saura, a inuwa, don kada rana ta cinye korensu.