Gaskit ko gam: da wanne za a rufe kan tsohon inji?

A Runka, cikin ƙaramar hukumar Safana, da ƙauyukan Batsari da ke bakin dajin Rugu, babur shi ne motar haya, shi ne motar asibiti, shi ne mai kai buhun gero kasuwa. Sabo ya yi tsada, na hannu ma ba kullum ake samunsa cikin sauƙi ba. A 2021 dokar tsaro ta Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, har ta hana sayar da babura na hannu a kasuwar Charanchi. Don haka wanda ke da tsohuwar Honda CG125, ko ire-irenta na China, sai ya lallaɓa ta. A sauke inji, a canza fistin da ringi, a wasa bawul, a mayar. Aiki na ƙarshe shi ne ɗora murfin bawul, kuma a nan ne makanikai suka rabu biyu: masu sa sabon gaskit na roba, da masu shafa gam na silikon.

Ta fuskar samu, gam ya yi gaba. Kwalinsa ɗaya yana rufe injuna da yawa, bai damu da ƙirar babur ba. Gaskit kuwa sai wanda aka yanka daidai bakin murfin. Idan babu shi a shagon gari, sai a aika Dutsin-ma ko Katsina, mai babur ya kwana biyu bai fita nema ba. Ga kuma jabu: robar da za ta bushe ta tsage kafin damina ta zagayo.

Ta fuskar aiki, gaskit ya fi sauƙin hali. A goge bakin murfi da kan silinda, a zaunar da robar cikin kwarminta, a ɗaura, a tayar da inji nan take. Gam yana da sharuɗɗa. Ba ya kama inda akwai maiƙo, yana son a ba shi sa'o'i ya bushe, fetur kuma yana lalata shi. Wane ɗan acaɓa ne zai jira, alhali yana tsaye a kan makanike yana cewa, "Oga, a yi a gama, rana na yi"?

Sai dai tsohon inji ba sabo ba ne, kuma a nan hujjar masu gam take da ƙarfi. Murfin da ya shekara talatin ana ɓamɓare shi da sukundireba ya sha rauni. Bakinsa ya karce, wani ma ya ɗan lanƙwashe. Gaskit ba ya cike rami mai zurfi, gam yana cikewa. Baƙin mai kuwa ko zirin gashi ya samu zai bi, ya tsattsafo kan haƙarƙarin silinda, ƙurar hunturu ta manne masa, iska ta kasa sanyaya injin yadda ya kamata.

Illar gaskit a waje take, ana ganinta: ɗigon mai. Illar gam a ciki take. Idan aka labta shi da yawa, ana ɗaure noti sai ya tumbatso gefe biyu. Na waje a share da tsumma. Na ciki ya bushe, ya gutsure, ya bi mai har ƙasa. CG125, wadda Honda ta fitar a tsakiyar shekarun 1970 musamman don ƙasashen da ba a cika yi wa babur sabis a kan lokaci ba, ba ta da matatar mai ta takarda. Wata 'yar raga ce a gindin inji, sai mataci mai juyawa. Duk wanda ya taɓa kwance ragar nan ya tarar da jajayen zaruruwan gam sun naɗe ta ya san abin da ake nufi. Mai ya daina hawa sama, kan inji ya fara ƙara, aikin da aka biya kuɗinsa jiya ya koma baya.

Akwai kuma gobe. Murfin nan ba a rufe shi har abada, dole a riƙa buɗewa ana saita tafet. Gaskit mai kyau yana jure buɗewa da rufewa. Gam kuwa kowane buɗi sai an kankare, kowace kankara sabon karce.

Abu ɗaya dai ya haɗa su: babu wanda zai ceci mai ɗaure noti da ƙarfin tuwo. Ƙananan notuna ne na sifana lamba goma, ramukansu a cikin alminiyam. A ɗaura su bi da bi, kaɗan-kaɗan, har murfin ya zauna daidai. Wanda ya danne ɗaya tun farko zai karkatar da murfin, ko haƙoran ramin su cinye.

Da aka auna duka, gaskit ne ya fi cancanta, ko da za a jira shi daga Katsina. Idan bakin murfin ya lanƙwashe, a fara goga shi a kan takardar yashi da aka shimfiɗa bisa gilashi har ya miƙe. Gam a bar shi ɗan taimako: shafa kaɗan da ɗan yatsa a daidai inda ya karce, ba a zagaye murfin da shi ba.