Bidiyon bayan rubutu: wa ya nemi izinin 'yan kasuwar Treichville?

Tun 2012 da jaridar New York Times ta fitar da labarin "Snow Fall", shafukan intanet suka rungumi salon sa bidiyo yana motsi shiru a bayan rubutu. Kasuwar Treichville kam ta dace da shi: atamfofi jere, hayaƙin tsire, cunkoso.

Sai dai bidiyon da kansa yake tashi, ya lashe datar Orange ko MTN, tsohuwar wayar Black Market ɗin Adjamé kuwa ta sandare.

Abin da ya fi ciwo fuska ce. A ɗauki Hajiya tana ƙirga sefa, a yi ta maimaita ta ƙarƙashin labarin bashi, alhali ba ruwanta. Kafin la'asar an tura wa surukanta ta WhatsApp. Da hannuwa da atamfa kawai aka ɗauka, ai labarin bai rasa komai ba.