KISHIN MAKARANTA DA TASIRINSA WAJEN ZAƁEN JAMI'A: NAZARI DAGA CHAZA

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Chaza, ko wata unguwa ta Suleja, ya san yadda hira take sauyawa idan jami'o'i suka ba da hutu. Da yamma za ka tarar da samari a teburin mai shayi, wannan sanye da riga mai tambarin ABU, wancan da hular BUK, ana ta musu a kan wace makaranta ce ta fi. A gefe kuwa ƙannensu ne 'yan ajin ƙarshe na sakandare, sun kasa kunne ba mai cewa uffan. Bayan 'yan watanni, su waɗannan ƙannen ne za su je cike fam ɗin JAMB, kuma sau da yawa sunan da suka fi ji a wajen wannan musu shi ne zai fara zuwa bakinsu.

Wannan maƙala za ta duba abin da ake nufi da kishin makaranta, da hanyoyin da yake bi har ya isa ga yaron da bai taɓa taka harabar jami'a ba, da amfaninsa, da kuma inda yake jefa mai neman gurbin karatu cikin asara.

Mene ne Kishin Makaranta?

Kishin makaranta shi ne ƙauna da alfaharin da ɗalibi yake yi da makarantarsa, har ya ji idan an yabe ta shi aka yaba, idan an kushe ta shi aka taɓa. Masu iya magana sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ana ganin wannan kishi a sunayen da ɗalibai suka laƙaba wa kansu. 'Yan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya Abusite suke kiran kansu, kuma kirarinsu shi ne a gaba Allah ya yi su. 'Yan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato Danfodite ne, suna tinƙaho da cewa babu jami'ar da ta kai tasu zaman lafiya. A kudu ma haka abin yake: 'yan Legas Akokite, 'yan Nsuka zakoki, su kuma 'yan Ile-Ife ba sa ambaton makarantarsu sai sun haɗa da kalmar girma.

Shekaru da tarihi suna daga cikin abubuwan da suke gina shi. An buɗe ABU a 1962, ta Sakkwato a 1975, ita kuwa Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Makarantar da ta daɗe haka ta yaye uba ta yaye ɗa. Sai kuma fitattun mutanen da suka fito daga cikinta. Da wuya ka yi musu da ɗan ABU bai tuna maka cewa marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa da Sarki Muhammadu Sanusi II a can suka yi karatu ba. Akwai kuma zaman tare: ɗakunan kwana irin su Sulaiman da Amina a Samaru, da layin ɗiban ruwa, da karatun dare lokacin jarrabawa, da gasar wasannin jami'o'i ta NUGA wadda aka fara a 1966. Wahalar da aka sha tare tana ƙulla zumuncin da ba ya tsinkewa da wuri.

Wanda yake ganin abin wasa ne, to ya tuna da abin da ya faru ranar 29 ga Mayu, 2012, lokacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da sauya sunan Jami'ar Legas zuwa na marigayi Moshood Abiola. Ɗalibai suka fito zanga-zanga suka tare hanyoyi, tsofaffin ɗalibai suka garzaya kotu, daga ƙarshe sunan bai sauya ba. Mu ma a nan kusa da mu, da gwamnatin tarayya ta amince a watan Disamba na 2024 a sa wa Jami'ar Abuja sunan Janar Yakubu Gowon, tsofaffin ɗalibanta sun fito sun nuna rashin jin daɗinsu. A wurin waɗannan mutane sunan makaranta wata kadara ce da suke ɗauke da ita a takardar shaidarsu har ƙarshen rayuwa.

Yadda Yake Isa ga Mai Neman Gurbi

Hanya ta farko ita ce gida. Yaro ya ga yayansa ya dawo hutu da sababbin kalmomi da labarin ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, ya ga yadda iyaye suke ji da shi, shi ke nan ya ƙudurta a ransa can zai je. A unguwa irin tamu, inda gidaje da yawa yanzu ne suke samun ɗan jami'a na farko, maganar wannan ɗalibi ɗaya tana iya zame wa layi guda abin dogaro.

Hanya ta biyu ita ce makarantar sakandare. Malamai da masu yi wa ƙasa hidima kan yi wa ɗalibai tallar inda suka fito, wani lokaci ma ba da niyya ba. Malamin da yara suke so, idan kullum yana cewa "lokacin da muke Zariya", ya gama yi wa Zariya kamfe.

Ta uku ita ce wayar hannu. Hotunan bikin rantsar da sababbin ɗalibai, da na ranar kammala jarrabawar ƙarshe inda ake rubutu a kan fararen riguna, suna yawo a WhatsApp da Facebook da TikTok. Mai kallo yana ganin murnar ne kawai, ba ya ganin shekarun da aka yi kafin a kai ga ranar.

A ƙasashen waje ma an san wannan. A Amurka, a watan Nuwamba na 1984, wani ɗan wasan ƙwallon ƙafa irin na Amurka mai suna Doug Flutie ya ciyo wa Kwalejin Boston nasara a kan Jami'ar Miami a daƙiƙar ƙarshe, ana nunawa a talabijin. A shekarun da suka biyo baya masu neman shiga kwalejin suka ƙaru, har ta kai ana kiran irin wannan tasiri da sunansa, ko da yake masana sun yi saɓani a kan ko wasan ne kaɗai ya jawo ƙaruwar. A can wasanni ne suke ɗaga sunan makaranta. A wurinmu kuwa bakin tsofaffin ɗalibai ne ya fi yin wannan aiki.

Amfaninsa

Ba daidai ba ne a ce kishin makaranta ruɗi ne kawai. Makarantar da ɗalibanta suke alfahari da ita bayan shekara 20 da barin ta, akwai wani abu da ta ba su. Haka nan ƙungiyar tsofaffin ɗalibai mai ƙarfi takan taimaka wa na baya da gyaran azuzuwa, da tallafin karatu, da hanyar samun aiki. Sannan sabon ɗalibin da ya tarar da 'yan garinsu a makaranta yakan sami wurin saukar da jaka da wanda zai nuna masa ofisoshin rajista. Ga yarinya mace kuwa, sau tari wannan ne ma yake sa uba ya yarda ta tafi nesa, domin ya san akwai na gida a can.

Inda Gizo Yake Saƙa

Matsalar ita ce kishi yana magana ne a kan sunan jami'a gaba ɗaya, alhali hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, kuma hedikwatarta take nan Bwari kusa da mu, gurbi take bayarwa a wani kwas guda, a wani sashe guda, mai iyakacin kujeru. A 2024 mutum fiye da miliyan 1.9 suka yi rajistar jarrabawarta, kuma mafi yawansu ba su kai maki 200 daga cikin 400 ba. Idan dubban yara suka yi tururuwa zuwa jami'a ɗaya saboda suna, makin da ake nema a kwasa-kwasan da ake rububi, irin su likitanci da shari'a da haɗa magunguna, sai ya yi sama. Yaron da makinsa zai ishe shi shiga wata jami'ar cikin sauƙi sai ya tashi a tutar babu. Son maso wani ƙoshin wahala.

Akwai kuma tsarin rabon gurabe a jami'o'in tarayya wanda masu musun teburin shayi ba sa ambata. Kashi 45 cikin 100 na cancanta ne, kashi 35 na jihohin da aka keɓe wa kowace jami'a a matsayin yankinta, kashi 20 kuma na jihohin da suke baya a fannin ilimin zamani, waɗanda Neja take cikinsu. Ma'ana, maki ɗaya ba darajarsa ɗaya ba a kowace jami'a. Ɗan Neja da ya tsallake Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, ko Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida ta Lapai, wadda jiha ta kafa a 2005, ya nufi inda jiharsa ba ta cikin yankinsu, to ya san ya rage wa kansa ƙofofin shiga.

Abu na gaba shi ne kwas. Ba kowace jami'a ce take koyar da komai ba, kuma ko a jami'a mai suna sassa ba ƙarfinsu ɗaya ba. Hukumar NUC kwas-kwas take tantancewa. Mai son digirin Hausa, alal misali, ba zai same shi a jami'ar fasaha ta Minna ba duk kusancinta, sai ya duba irin su Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina. Mai son injiniyanci kuwa yana iya tarar da abin da yake nema a Gidan Kwano ba sai ya ƙetare jiha ba.

Sai batun aljihu. Kuɗin mota daga Suleja zuwa Sakkwato ko Maiduguri ba ɗaya yake da na Gwagwalada ko Lapai ba, ga haya idan ba a sami ɗaki a cikin makaranta ba, ga abinci. Yayanka mai yabon makarantarsa ba lallai ne ya gaya maka sau nawa ya kwana da garin kwaki ba.

Ni kaina wannan abu ya taɓa ni. Shekarar farko da na zauna jarrabawa, wata babbar jami'a na cike, da kwas ɗin da ban san komai a kansa ba, don kawai ɗan kawuna yana can kuma ina sha'awar rigarsa. Makina bai kai ba, na yi shekara guda ina tsaron shago. Laifin nawa ne, domin ban tambayi kowa makin da ake nema ba. A shekara ta biyu wani malamina ya zaunar da ni ya tambaye ni darasin da na fi ƙoƙari a kai. Ni da Hausa ba ita ake yi a ɗakin mahaifiyata ba, sai ga shi ita ce amsar, kuma ga ni yau a wannan sashe.

Ya kamata a lura cewa masu neman gurbi ba suna kaɗai suke bi ba. Jami'ar Ilorin ta yi shekaru da dama tana kan gaba a yawan masu zaɓenta, a lokacin da malamanta ba sa shiga yajin aikin ASUU. Wanda ya ga yajin 2020 na wata 9, da na 2022 na wata 8, ya san dalilin da zai sa iyaye su damu da ranar gamawa fiye da kirari.

Shawara

Ga ƙannenmu masu shirin cike fam: ku saurari yayyenku, amma ku yi musu tambayoyin da suka wuce yabo. Mutum nawa ne a ajinku? Da wane maki ka shiga? Nawa kake kashewa a zango ɗaya? Yaya ruwa da wuta a ɗakin kwana? Da za a mayar da kai baya, za ka sake zaɓen wannan sashe? Ku tambayi mutum biyu ko uku daga makarantu daban-daban, ku karanta kundin bayanin kwasa-kwasai na JAMB kafin ku je cibiyar rajista, kada ku bari mai buga kwamfuta ya zaɓa muku don layi ya yi tsawo. Ku fara tsayar da kwas, sannan ku nemi jami'ar da take koyar da shi kuma makinku zai kai. Matambayi ba ya ɓata.

Gare mu kuma ɗalibai: idan mun koma gida hutu, mu tuna akwai masu ɗaukar maganarmu da muhimmanci fiye da yadda muke zato. Mu faɗi daɗin makarantarmu, mu faɗi wahalarta. Ƙungiyoyin ɗalibai 'yan Suleja da ke jami'o'i daban-daban za su iya haɗa kai su ziyarci sakandarorin gari kafin a buɗe rajista, kowa ya yi bayanin tasa, yara su ji daga bakin mutane da yawa.

Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa kishin makaranta abu ne mai tushe, yana fitowa daga tarihi da zaman tare da nasarorin tsofaffin ɗalibai, kuma yana isa ga mai neman gurbi ta gida da makaranta da waya. Yana da amfani a matsayin shaidar waɗanda suka zauna a wuri, amma ba ya gaya wa yaro makin da ake nema, ko yawan kujeru, ko abin da mahaifinsa zai iya biya. Waɗannan sai an bincika. Duk jami'ar da mutum ya shiga ya yi karatu tsakani da Allah, wata rana shi ma zai zauna a teburin mai shayi yana kare ta. Allah ya yi wa ƙannenmu zaɓi mafi alheri, amin.