Yoyon fitsari: Abin da gwaji a kan ɓeraye ya nuna

Macen Zonkwa ko Kafanchan da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari tana iya samun tiyata a Jos ko Zariya. Sai dai wata ko an ɗinke ɓular, yoyon ba ya tsayawa, domin tsokar da ke matse bututun fitsari ta lalace.

Wannan tsokar masu bincike a asibitin Cleveland na Amurka ke neman farfaɗowa. Sukan yi wa ɓeraye rauni irin na haihuwa, sannan su yi musu allurar ƙwayoyin halitta na asali daga ɓargo. Riƙon fitsarin ya inganta, da alama saboda sinadaran da ƙwayoyin ke fitarwa.

Amma raunin ɓera kan warke da kansa cikin makonni. Na wadda ta kwana 3 tana naƙuda kuwa, naman ne ke mutuwa ya bar tabo mai tauri.