Zawon maruƙa da maganin kasuwa a ƙasar Magarya da Dungas

Da faɗuwar damina, sa'ad da ɗanyen haki ya fito a fadamun Korama, shanu da yawa sukan haihu a garkunan Bande, Waca, Guci da Malawa. Lokaci ne na murna ga makiyayi da manomi, amma kuma a cikinsa ne zawo ya fi kayar da maruƙa, musamman waɗanda ba su kai wata ɗaya ba. Hasarar kuwa ba ƙarama ba ce. Kamar yadda kowa ya sani, saniyar ƙasar nan ba ta sakin nono sosai sai ɗanta yana kusa. Idan ya mutu, sau da yawa sai ta ɗauke. Wato an rasa nonon watanni, uwargida ta rasa kuɗin cefanen da take samu daga ƙwarya, maigida kuma ya rasa san da zai ja masa garma ko amalanke nan da shekara uku ko huɗu.

Abin da mai maraƙi ya saba yi idan ya ga kashi ya tsinke shi ne ya nufi kasuwa. Gundumar Magarya da ta Dungas, wadda aka cire daga cikinta a 2011, suna bakin iyaka da jihohin Katsina da Jigawa na Najeriya, kuma ta hanyoyin da bisashe ke bi zuwa Maigatari magani yake shigowa. A kan tebur ko a tabarma, cikin rana tsaka, ana samun kafso na tetrasikilin wanda aka yi don mutane, da kwalaben allura na oksitetrasikilin. Sai a fasa kafso biyu a ruwa a ɗura wa maraƙi, ko a yi masa allura ɗaya da ƙiyasin ido. Tun 2006 ƙungiyar UEMOA ta kafa doka cewa kada a sayar da maganin dabbobi a ƙasashenta sai wanda aka bincika aka ba izini, amma dokar ba ta cika isa tabarmar mai talla ba.

Waɗannan magunguna, da likitoci ke kira antibiyotik, aikinsu ɗaya ne: kashe ƙwayoyin cuta irin na bakteriya. Zawon maruƙa kuwa iri-iri ne. A kwana huɗun farko, galibi wata bakteriya ce mai suna E. coli ke haddasa shi. Daga kwana biyar zuwa mako uku, mafi yawa aikin birus ne, irin su rota da korona na shanu, ko kuma wata ƴar mitsitsiyar halitta da ake kira kiriftosforidiyom. Bayan haka sai tsutsar ciki wadda maraƙi ke sha a cikin nonon uwarsa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan na baya da tetrasikilin ke taɓawa. Idan maraƙi ya tashi bayan kafso, sau da yawa da ma jikinsa ne ya ci ƙarfin cutar, kafso ya karɓi yabo a banza.

Abin da ke kashe maraƙi mai zawo, a mafi yawan lokuta, ƙarewar ruwa da gishirin jiki ne. Maraƙin da aka haifa da nauyin kilo 20 zuwa 25 yana iya zubar da lita biyu kafin mai shi ya farga. Gane haka ba ya bukatar awo. A ja fatar wuyansa a saki: in ta koma nan take, da sauran ruwa, in ta tsaya a tattare, ido ya faɗa, baki ya bushe, kunnuwa da ƙafafu suka yi sanyi, to, al'amari ya yi nisa. Muddin yana iya tsotsa, a ba shi ruwan gishirin da aka haɗa don maruƙa, ko ƙunshin nan da ake ba yara masu zawo a asibiti, a dama shi da lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce. A ba shi lita ɗaya, sau biyu ko uku a yini, da kaɗan-kaɗan, tsakanin shan nono. A nan akwai kuskure biyu da ya kamata a kiyaye. Na farko, sukarin shayi bai dace da jaririn maraƙi ba, don hanjinsa bai iya narkar da shi, yana ma iya ƙara zawon. Abin da ke cikin ƙunshin asibiti gulukos ne. Na biyu, kada a raba shi da uwarsa da sunan hutar da ciki. Ruwan gishiri ba abinci ba ne, kuma yunwa tana ƙarasa abin da zawo ya fara. Wanda ya kwanta har ya kasa tsotsa kuwa, ɗura tana iya shaƙe shi. Ƙarin ruwa ta jijiya yake bukata daga hannun ma'aikacin kiwo.

Duk da haka akwai inda antibiyotik ya zama dole: in zafin jiki ya wuce digiri 39,5, in akwai jini a kashi, in cibiya ko gaɓoɓi suka kumbura, ko maraƙi ya yi laushi ya ƙi nono, domin alama ce cutar ta tsallaka cikin jini. A nan ma likitan dabbobi ne ya kamata ya zaɓi maganin, ya auna shi bisa nauyi, a kuma cika kwanakin da ya yanka ko da an ga sauƙi.

Dalilin wannan tsanani ya wuce garke. Tun 1945 Alexander Fleming, baturen Birtaniya da ya gano fenisilin, ya yi gargaɗi cewa maganin da bai kai ƙima ba yana koya wa ƙwayar cuta jurewa. Ƙwayoyin da suka tsira daga rabin kafso suna fita cikin kashi, su shiga turɓayar tsakar gida, da bakin rijiya, da hannun yaron da ke ɗaure maruƙa a dangwali. Wani babban bincike da mujallar The Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1,27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma bisa yawan jama'a yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki. A Magarya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a 2005, sashen yara na asibiti yakan cika a kowace damina, kuma da dangin waɗannan magunguna ne ake ceton masu ciwon huhu da cutar jini.

Rigakafi mafi ƙarfi yana cikin hantsar saniya. Maraƙi yana zuwa duniya ba tare da kariyar uwarsa a jini ba. Daga dakashi yake samun ta, kuma hanjinsa ya fi karɓar ta a awa shida na farko, bayan kwana ɗaya ƙofar ta rufe. Yana bukatar kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, wato wajen lita biyu. Saboda haka wanda aka haifa da dare ko a daji, ko wanda uwarsa karsana ce ta ƙi shi, sai a tatsa a ba shi da hannu. A shafa wa cibiya aidin, a riƙa sauya wa dangwali wuri idan ƙasa ta jiƙe, a ware mai zawo daga sauran, wanda ya taɓa shi kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya koma tatsa.