Lambar P36 da jariran Falanko: ciwon da ba a rubuta ba, ba a saya masa magani

Kowane ɗan kasuwa ya san kaya ba su wuce duwan sai da lambarsu, kowane ma'aikacin gwamnati kuma ya san albashi ba ya fita sai da lambar ma'aikaci. To, cututtuka ma haka suke. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, tana da kundi mai suna CIM inda kowace cuta take da lambarta. Asalinsa jerin dalilan mutuwa ne da Bafaranshe Jacques Bertillon ya tsara a 1893, OMS ta karɓi aikin a 1948. A kundi na goma, wanda aka amince da shi a 1990, lambar P36 ita ce ta ƙwayoyin cuta da suka shiga jinin jariri sabon haihuwa. Kundi na 11, da ya fara aiki a 2022, ya ba ciwon lambar KA60.

Wannan ciwo yana kama jariri cikin kwanaki 28 na farko, sau da yawa tun kafin ranar suna. Ƙwayar takan shiga wajen haihuwa, ko ta cibiya idan an yanke ta da reza mai datti, ko aka shafa mata toka ko ƙasa. Alamominsa sanannu ne: jariri ya ƙi nono, jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, numfashinsa ya kai 60 a minti, haƙarƙarinsa na shiga ciki, ya yi jijjiga, ko ya daina motsi sai an taɓa shi.

Lambar tana da rassa. P36.0 ta ƙwayar streptocoque B ce, P36.2 ta staphylocoque doré, P36.4 ta E. coli, P36.9 kuwa ita ce ta ciwon da ba a tantance ƙwayarsa ba. Tantancewar tana buƙatar a ɗibi jini a rene shi kwana biyu ko fiye a ɗakin gwaji mai lantarki da kayan aiki, abin da ba a samu a likitar karkara. Jaririn Falanko da ciwo ya tsananta, sai a tura shi asibitin Tanut, daga can kuma zuwa Damagaram, tafiyar da ke cin kuɗin mota da lokacin da jaririn ba shi da shi. Wanda ya rasu a gida ko a hanya, babu lambar da ta same shi.

Akwai kuma wani cikas a kundin na goma kansa. Binciken BARNARDS, wanda aka yi daga 2015 zuwa 2017 a asibitocin Afirka da Asiya, har da asibitin Murtala na Kano, ya nuna ƙwayar Klebsiella tana gaba-gaba wajen shiga jinin jarirai, kuma takan bijire wa magungunan da aka saba. Amma ba ta da reshe nata a P36, sai a jefa ta cikin P36.8, wato sauran ƙwayoyi.

Mai karatu na iya cewa, ina ruwan uwa mai jego da lamba? Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, kuma da alƙaluman rajistar likita ake lissafin maganin da za a aika kowace gunduma. Ciwon da aka rubuta shi zazzaɓi kawai, ba a yi masa tanadin da ya dace.

A 2015 OMS ta fitar da ƙa'idar da ta dace da ƙasa irin Damargu, bayan gwajin da aka yi a Kongo, Kenya da Najeriya, har da Zariya: idan tura jariri babban asibiti ya gagara, ma'aikacin lafiya da ya sami horo yana iya yi masa allurar gentamicine tare da ba shi amoxicilline na sha, sai dai wanda ciwonsa ya kai matuƙa.

Saboda haka aikin na kowa ne. Maigida ya kai jariri likita ranar da alama ta bayyana, kada ya jira suna. Ma'aikacin lafiya ya rubuta ainihin ciwon da yake zato, ko da P36.9 ce. Haihuwa da rasuwa kuma a sanar da su ga hukuma, domin jaririn Falanko ya shiga lissafin ƙasa.