Nazari a Kan Tsagewar Kankare a Ƙasar Gaya da Ajingi

Duk wanda ya san ƙasar Gaya da Ajingi shekaru talatin da suka shige, idan yau ya biyo hanya daga Wudil ya ratsa garuruwanta da ƙauyukanta, ba zai rasa lura da cewa ginin ƙasa yana ja da baya ba, bulo da siminti suna maye gurbinsa, har ya zamana masallacin unguwa, da ajin makaranta, da shagon kasuwa, da tsakar gidan mai ɗan hali, duk an malale su da kankare. Amma idan ya sunkuyar da kai ya dubi inda yake takawa, zai ga abu na biyu wanda ba a cika zancensa ba, wato galibin wannan daɓe, tun bai ga damina uku ba, ya dare nan da can, tsaga ta tashi daga kusurwar ƙofa ta ratsa ɗaki, gefe ya ɓantare, tururuwa ta sami hanya. Jama'a sun saba da wannan har sun ɗauke shi ɗabi'ar siminti, alhali kuwa yana da sabubba sanannu, kuma mafi yawansu a hannun mutane suke.

Ƙasar Gaya ba baƙuwar aikin hannu ba ce, domin a riwayar tarihin Kano daga nan ne maƙeran da ake kira Abagayawa suka tashi zuwa Dala neman tama. Maginanta na da sun san tubali da azara, sun san makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, matanta kuma sun san daɓe, wanda sukan taru su yi da maɗabi suna yayyafa ruwa har ƙasa ta kwanta ta yi santsi. Wannan gini yana da sharaɗi guda da kowa ya yarda da shi, shi ne a waiwaye shi kowace shekara kafin ruwa ya sauka, a yi yaɓe, a gyara indararo, a toshe abin da ya buɗe. Da siminti ya yawaita, bayan masana'antar Kalambaina ta Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka ta biyo baya a 1979, sa'an nan na Dangote da BUA suka cika kasuwa, sai mutane suka karɓe shi da zaton cewa ya 'yantar da su daga wannan hidima baki ɗaya. A ganina asalin illar ke nan: an ɗauki kayan aikin, ba a ɗauki ilminsa ba, kuma an ajiye al'adar kulawa wadda tsohon gini ya horar da mu a kanta.

A ƙasashen sanyi, irin su Kanada da Rasha da arewacin Amurka, babban magabcin kankare shi ne ƙanƙara. Ruwa yakan shiga ƙananan ƙofofinsa, idan ya daskare sai ya kumbura da kimanin kashi 9 cikin 100, ya tura jikin kankaren daga ciki, ya narke, ya sake daskarewa, har fuskar ta riƙa ɓarewa, gishirin da suke barbaɗawa a tituna don narkar da ƙanƙara kuma ya ƙara tsananta abin. Wahala ta tilasta musu bincike, har a shekarun 1930 suka gano cewa idan aka bar ƙananan kumfan iska a cikin kwaɓin, ruwan da ya daskare zai sami inda zai faɗaɗa. Suka kuma mai da toshe gaɓoɓi da tsagogi kafin shigowar sanyi aikin kowace shekara. Mu Allah bai jarrabe mu da ƙanƙara ba, sanyinmu ba ya daskarar da ruwa. Sai dai hunturu yana da nasa makamin, wato bushewa: iskar da ke kaɗawa daga Sahara tsakanin Nuwamba da Fabrairu takan tsotse laimar fuskar kankare sabon zubi cikin sa'o'i kaɗan, tun cikinsa bai kama ba, sai saman ya tsuke, ƙasan bai bi shi ba, ya yayyage.

Abin da ya sa wannan ya fi cutar da ƙasar manoma kamar Gaya da Ajingi shi ne lokacin da kuɗi ke shigowa hannu. Manomi ba ya gini da damina, domin yana gona kuma aljihunsa babu nauyi. Sai kaka ta yi, ya sayar da gyaɗa ko wake ko riɗi, 'yan ci-rani sun fara aiko da abin da suka samu, sa'an nan yake kiran birkila. Ke nan lokacin wadata ya faɗo daidai da lokacin da iska ta fi bushewa, daidai kuma da lokacin da ruwa ya fara tsada a wurin 'yan garuwa. Kankare kuwa ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, kamar yadda da yawa suke zato. Siminti haɗuwa yake da ruwa sannu a hankali, yana bukatar laima aƙalla kwana 7, kuma a kwana 28 ne ake auna ƙarfinsa. Wanda ya yayyafa masa bokiti biyu da safe kwana ɗaya ko biyu ya tafi, ya yanke masa girma tun yana jariri.

Wani abin mamaki shi ne, ruwan da ake ƙwauronsa bayan zubi shi ake barnatarwa wajen kwaɓi. Ka tsaya wurin aiki ka gani: an juye yashi da tsakuwa a ƙasa, an fasa buhu, leburori suna juyawa da shebur, kwaɓin ya yi musu nauyi, sai wani ya ce a ƙara ruwa, a ƙara, har ya zama yana malala da kansa daga kwano, birkila ya ji daɗin baza shi da cokali. Buhun siminti mai kilo 50 bai kamata ya sha abin da ya wuce kimanin jarka ɗaya mai lita 25 ba, duk ruwan da ya ɗara haka zai fita daga baya ya bar rami a madadinsa, kankaren ya yi rauni, tsukewarsa ta ƙaru.

Ga kuma tsada. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama na ƙasar nan, kuma a irin wannan hali abin da ake fara yi shi ne a miƙar da buhu, inda ƙa'ida ta ce awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, sai a ninka yashin. Wani lokaci mai gida ne da kansa yake umartar haka don ƙarfinsa bai kai ba, wannan abin tausayi ne. Wani lokaci kuwa ɗan kwangila ne ya karɓi kuɗin cikakken aiki ya rage, wannan algus ne, kuma shari'a ba ta bambanta algus a mudu da algus a gini ba, balle idan ginin aji ne da yara za su zauna a ƙasansa ko masallaci da aka tara kuɗinsa da nufin sadaka mai gudana. Yashin ma ba duka ɗaya ba ne. Na kogi, irin wanda tifofi ke ɗebowa daga wajen Wudil, ya fi tsabta. Wanda aka kwasa a bakin hanya ko kududdufi cike yake da laka, gwajinsa kuwa ba wuya, a zuba shi cikin kwalba da ruwa a girgiza a ajiye, lakar za ta kwanta a sama kowa ya ga kaurinta. Cikon ƙasan daɓe, idan ba a jiƙa shi an dandaƙe shi hawa hawa ba, zai zauna da damina ko gara ta rarake shi, kankaren ya rataya a kan iska har ranar da nauyi zai karya shi.

Saura batun gaɓa, wanda shi ne aka fi jahilta. Ko da an cika dukkan sharuɗɗa, kankare sai ya motsa, domin shimfiɗa mai tsawon mita 10 tana iya tsukewa da kimanin milimita 5 wajen bushewa, kuma bambancin digiri 20 tsakanin sanyin asuba da zafin azahar yana miƙar da ita ya janye ta da kusan milimita 2. Masana ba su yi da'awar hana wannan ba, dabararsu ita ce su zaɓa wa tsagar wurin da za ta bi: a daɓe mai kaurin santimita 10 akan yanka layi kowane mita 3 ko kusa da haka, zurfinsa rubu'in kaurin, a kuma raba daɓen da jikin bango. Tun ran gini tun ran zane. Amma a wurinmu ana malale farfajiyar masallaci ko filin shanya falle guda, saboda ana ganin layi aibi ne ga kyan aiki.

Sakamakon ya bambanta gwargwadon wuri. A daɓen ƙasa hasarar dukiya ce da tsabta, laima ta taso ta ɓata buhunan hatsi, ƙura da ƙwari su sami maɓoya a ajin da yara ke zama a ƙasa. A deki kuwa al'amarin ya kai ga rai, domin ruwan Agusta idan ya bi tsaga ya kai ga rodi sai ya yi tsatsa, tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma, tana tura kankaren har ya ɓalle daga ƙasa. Duk wanda ya ga jan tabo ko rodi a fili a ƙarƙashin dekinsa, injiniya zai kira, ba mai filasta ba. Da wannan duka ba na cewa a koma ga ƙasa, domin siminti ya hutar da mutane daga rushewar katanga da damina, wannan maslaha ce da ba mai musunta ta.

Gyaran da aka fi yi, wato a dama kunun siminti a shafe tsagar, ba ya wuce wata 'yan kaɗan. Wajibi ne a fara sanin ko tsagar ta tsaya ko tana motsi, ta hanyar ɗora mata ɗan filasta siriri a giciye a duba bayan makonni. Idan bai dare ba, sai a faɗaɗa bakinta, a share ƙurar sarai, a jiƙa, a cusa kwaɓi mai kauri na siminti da yashi mai laushi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu mako guda. Idan ya dare, abu mai tauri ba zai zauna ba, sai mai danƙo kamar kwalta ko irin man toshiya da ake sayarwa a Kano, kuma a fara bincika ko ƙasan ne ya zauna. Mafi dacewar lokaci shi ne gab da damina, daidai lokacin da iyayenmu suke yaɓe.

Wannan ilmi bai fi ƙarfin birkila ba, rashin mai isar masa ne. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil tana maƙwabtaka da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, kuma kwana biyu na horo ga shugabannin magina a ƙarshen kaka zai isa a koyar da awon ruwa, da gwajin kwalba, da yanka gaɓa, da rufe sabon zubi da leda ko buhu. Kwamitocin masallatai da na makarantu kuma suna da iko su rubuta kuɗin ban ruwa na kwana 7 a cikin yarjejeniya tun farko, su riƙe wani kaso na ladan ɗan kwangila har aikin ya ga damina ɗaya.